Tafin Hannuna

Ranar Laraba mai shela ya ratsa Kakatare da lasifika:
gobe babban baƙo zai sauka Marwa,
a rufe rumfuna, a jeru bakin kwalta,
kowa ya zo da hannuwansa biyu.

Ni kuwa hannuwana suna da aiki.
Takalmin Gwaggo Dudu na kan cinyata,
Juma'a za ta Kuseri ganin jika,
kuma na ce mata Alhamis.
Baduku ba shi da gona sai alkawari.

Da hantsi inuwa ta tsaya a bakin rumfa,
jar hula, baƙin takalmi.
Hamajoda ne, ɗan Dija mai fura,
wanda na ɗinka wa jakar boko
tun majina na kai masa leɓe.
"Baba, umarni ne," in ji shi,
idonsa na kan basilla, ya kasa kallona.

Na ce, tsuguna, yaro, mu yi lissafi.
Lampo na biya, ga takarda ƙarƙashin ƙirgi.
Kuɗin rumfa na kai da ƙafata.
A gadar Kaliyawo in an ce dama, dama nake bi.
Shekarar da dare ya yi haƙora
ku kuka kwana a hanya, mu muka yi barci,
ban manta ba, kuma ba zan manta ba.
Hukuma ta duba mudun mai awo,
ta kama ɓarawo, ta raba faɗa,
ta hana ni zuba ruwan jima a rijiyar unguwa,
duk na ji, duk na bi.

Amma tafi?
Tafi daga inda dariya ke fitowa yake fitowa.
Ba a aza shi kamar jangali,
ba a karɓarsa da rasit.
In na yi shi don tsoro
fata ce kawai ta bugi fata,
ni kuwa na san ƙarar matacciyar fata,
shekara arba'in ina bugunta.

Ya tasa ni gaba, ba mari, ba zagi.
Benci na sha a ofishinsu har la'asar,
ina jin jiniya tana wucewa can nesa,
ƙuda ɗaya na zagaya hoton bango.
Kwamanda ya jawo babban littafi,
ya lashi yatsa, ya juya, ya juya.
Sata tana ciki. Rauni yana ciki.
Har akuyar da ta shiga gonar wani tana ciki.
Ya kai bangon ƙarshe, ya share zufa,
ya dube ni ta saman tabarau:
"Tsoho, tashi ka tafi."
To, wannan tafin na yi shi,
ban jira ya maimaita ba.

A gida na tarar da Lantana, autata,
murya ta dishe, tutar takarda a ɗankwali,
tafin hannunta ja kamar ta sa lalle.
"Baba, da ka ji gangunan!"
Sai na ji magana ta taso mini a wuya,
wa ya aike ki, wa ya ba ki izini,
ni ina benci, ke kina rawa?
Ashe ni ma da 'yar jar hulata
a ninke cikin ƙirji ban sani ba.

Na haɗiye ta. Da ƙyar ta wuce.
Na ce ta miƙo mini fitila da zare.

Ta riƙe haske, ina huda, ina ja,
tana ba ni labarin motoci goma sha bakwai
da wani doki da ya tsorata ya watsa 'yan makaranta.
Na yi dariya har basilla ta soke ni.

Bayan lisha na ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo Dudu.
Ta sa ƙafa, ta taka, ta sake takawa.
"Ka makara," in ji ta.
Na ce, Gwaggo, duba sama,
har yanzu Alhamis ce.